Ruwan Anka Ya Sauka a Gummi

Garin da ya haifi Alhaji Mu'awiya Milimita ba shi da bakin kukan rashin manya. Wasu garuruwa suna alfahari da malamai, wasu da maƙera. Mu a Anka Allah ya ba mu mutumin da hadari ba ya haɗuwa sai da saninsa. In kuwa ya haɗu bai sani ba, to kuskuren hadarin ne.

Iliminsa ba na wasa ba ne. Ya yi kwas na mako biyu cur a Zariya, zamanin da wani shirin taimakon manoma yake da rai. Da shirin ya naɗe tabarmarsa, ya bar masa babur, da lasifika, da ma'aunin ruwan sama, da kalmomin Turanci goma sha ɗaya. Ni na ƙirga su da kaina. Da wannan gado ya buɗe Cibiyar Nazarin Samaniya ta Yamma a zauren gidansa, ya tsaya takarar Darakta, ya ci ba hamayya. Daga ranar ya daina "munka" da "sunka" irin na iyayensa, ya koma Hausar rediyo. A bakinsa ruwa ya daina zuba kamar da bakin ƙwarya, sai dai milimita kaza. Nan ya samo sunan, ya kuma karɓe shi hannu biyu, don a zatonsa sarauta ce.

A makarantar mishan inda na yi karatu akwai irin wannan ma'auni. An kafa shi a tsakiyar fili, nesa da bishiya da indararo, ana duba shi ƙarfe bakwai na safe, har ranar Lahadi. Darakta ya fi malamanmu sanin darajar kaya. Nasa yana cikin kabad mai gilashi, tsakanin kwanukan jeren matarsa, bisa farin ƙyalle. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya dube ni da tausayi, ya ce kayan Ingila ne, in ruwa ya taɓa shi zai yi tsatsa.

Duk da haka, gaskiya ɗaya ce: Darakta yana dacewa. Akwai baƙin allo a ƙofar Cibiya. In ya rubuta "jibi ruwa", jibi sai a kwashe shanya. Damina biyar a jere bai yi kuskuren da ya wuce uku ba. Ranar kasuwa yakan ɗaura lasifika a babur ya yi wa jama'a bayani.

"Jama'a, zamanin duban shamuwa da tururuwa ya wuce. Yanzu kimiyya ke magana. Iska mai nauyi ta taso daga teku, ta yi karo da mara nauyi a daidai saman Bagega. Ni da kaina na auna."

Ba wanda ya tambaye shi da me ya auna. Wanda ya ba ka ruwa a kan lokaci, ba ka binciken gugansa.

Bayan kimiyya, Darakta ya shahara da biyayya ga mahaifiya. Kullum da safe, kafin ya sa hula, sai ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna Hure ya ce, "Inna, ya ƙafa?" Ƙafar ta karye ne shekara ashirin da suka wuce, da tsohuwar ta faɗo daga kan rumbu. Maɗori ya ɗora, ta warke, sai dai takan motsa lokaci-lokaci. Har a wa'azi an taɓa buga misali da wannan ɗa. Ba wanda ya lura, har da ni, cewa ranar da Inna ta ce ƙafa lafiya lau, allon yakan ce "sarari". Ranar da ta ce ƙafar ta hana ta sallah a tsaye kuwa, Darakta yakan fito yana murmushi, yana neman alli. Kura da shan bugu, gardi da shan kirari.

Daminar da nake magana, shekara biyu ce kafin wayar hannu ta iso mana. An yi ruwan shuka da wuri, kowa ya shuka, sai sama ta ɗauke. Kwana ashirin da uku ba ɗigo. Tsiron gero ya yi ja, ya kwanta. Da rana gumi ya jiƙa riga har ana matsewa, da la'asar hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, a yi ta rugugi, iska ta kwashe shi. A tsakiyar wannan ne Naja'atu, ƙanwar Darakta da ke aure a Gummi, ta haihu. Inna Hure ta ɗaure ƙunshinta ta tafi taya ta jego, kwana arba'in.

Da ƙaramin mutum ne, da hankalinsa ya tashi. Darakta ba ƙaramin mutum ba ne. Ya sami Lirwanu, direban da ke jigilar Anka zuwa Gummi kullum, ya roƙe shi ya riƙa biyawa ta gidan Naja'atu yana tambayo masa ƙafar Inna. Lirwanu ya yi ta ba fasinja labari, yana cewa shi dai bai taɓa ganin ɗa irin wannan ba.

A kwana na takwas Lirwanu ya dawo da labari maras daɗi: ƙafa ta tashi, Inna ko tsayuwa ba ta iyawa. Washegari Darakta ya sa babbar riga ya hau babur.

"Jama'a, Cibiya ta kammala bincike. Gobe milimita arba'in, ba ragi. Duk mai sauran iri ya fita ya binne yau. Wanda ya tsaya jiran ganin ido, ya tsaya jiran yunwa."

Cikin masu saurare akwai Haladu, manomi daga wani ƙauye kusa da gari, mai iyali tara. Shukarsa ta fari ta ƙone. Abin da ya rage masa a duniya tiya biyu ce ta gero, irin gidansu, mai saurin nuna, wanda matarsa ta ɓoye a tulu ta liƙe bakin da laka don kada yunwa ta sa su ci. Haladu ya san ƙa'idar ubansa: ba a zuba iri na ƙarshe sai an tona ƙasa an ga laima ta kai tsawon hannu. Amma ubansa bai je Zariya ba. Ya fasa bakin tulu, ya ɗauki sungumi, ya binne tiya biyun a busasshiyar ƙasa.

Washegari hadari ya taso yadda aka yi alkawari. Ya tsaya a kan Anka ya yi mana tsawa biyu, ya yi yayyafin da bai kashe ƙura ba, ya yi yamma. Mutanen Bukkuyum, da yake suna tsakiya, sun sami rabin gaskiya. A Gummi kuwa aka kece da ruwa tun azahar har magariba, kwata ta cika, katangu suka zube.

Yayyafin nan ya fi fari mugunta. Ya isa ya ta da ƙwaya, bai isa ya raya ta ba. Geron Haladu ya leƙo, ya ga rana, ya mutu.

Da aka tambayi Darakta, bai ko ƙifta ido ba. Ya ce lissafi daidai yake, milimita arba'in ɗin sun sauka cif, illa dai an sami ɗan saɓanin adireshi. Sau huɗu ana haka cikin wata guda. Duk ranar da allo ya ce ruwa, Anka ta shanya ido, Gummi ta kwashe shanya.

Mai arziki ko a Kwara ya sai da ruwa. Fasinjan Lirwanu sun riƙa kai labarin allon Gummi, mutanen can suka lura da abin da mu ba mu lura ba: akwai wani masani a Anka wanda, daga nisan nan, yake faɗin ruwan Gummi ba kuskure. Wata ƙungiyar manoma ta turo dattawa uku da goron gayyata. Suka ce sun tanadar masa ofis mai fanka. Darakta ya yi jawabin ban kwana a kasuwa, ko da yake ba wanda ya nema.

"Masani ba ya daraja a gidansu. Kimiyyata ta yi wa Anka faɗi, shi ya sa take malala zuwa yamma. Zan bi ta."

Ya naɗe ma'aunin cikin bargo, ya rungume shi a gaban mota. Bai ƙirga kwanaki ba, da yake ƙirgen milimita ya saba. Ranar ce Naja'atu ta yi arba'in. A garin Daki Takwas motar da ta ɗauko shi ta yi kiciɓis da wadda ta ɗauko Inna Hure zuwa gida. An ce sun ɗaga wa juna hannu.

Haladu bai san an tafi ba. Da hantsi washegari ya zo Cibiya, ba don faɗa ba, don ya ji ko kimiyya tana da abin da za ta ce wa mai iyali tara da ba shi da iri. Ya tarar da zaure a buɗe, allo a goge, wata tsohuwa zaune a kan tabarma tana shafa wa ƙafarta man shanu. Ya gaishe ta, ya yi mata sannu, ya tambayi abin da ya sami ƙafar.

"Ba komi, ɗan nan. Ruwa na. Jibi war haka in Allah ya so kuna cikin laka. Shekara ashirin ba ta taɓa yi man ƙarya ba."

Haladu ya dubi ƙafar, ya dubi allon. Can ya tambaya ko Darakta ya san da wannan.

"Mu'awiya? To mi kaka tsammani shika tambaya kullum da sahe? Yaron da ko ciwon kaina bai taɓa tambaya ba."

Sai Haladu ya gaya mata labarin tiya biyu. Tsohuwa ta daina shafa ƙafa. Ta ce a Gummi ta yi ta mamakin yadda ake aiko mata direba kamar matar gwamna, ashe gonakin mutane ake shukawa da ita. Ta aika aka buɗe rumbunta, wanda dai ta faɗo daga kansa, aka ɗebo masa damin gero na irin da, mai kwana saba'in. Ta ce ya sussuke ya ajiye, kada ya binne ko ƙwaya sai ya tona ya ga laima da idonsa, don ƙafa ƙafa ce, ba Allah ba ce.

Jibi aka yi ruwa. Ni na kafa gwangwanin madara a tsakar gida na auna da rula, kamar yadda aka koya mana: inci ɗaya da rabi. Haladu ya tona, laima ta kai gwiwar hannu, ya shuka. Geron ya makara, bai cika rumbu ba, amma ya kai su kaka ta gaba da ɗan ciko.

Darakta ya aiko sau uku a kai masa Inna, ya ce iskar Gummi ta fi dacewa da tsofaffi. Ta ce a gaya masa ta gama jego. Don haka Lirwanu ya ci gaba da aikinsa, sai dai yanzu tambaya ke zuwa daga yamma, amsa ta koma. Mutanen Gummi sun shanya hatsi a ranar da aka ce musu sarari, sun kwashe shi a jiƙe. An ce sun fara cire fankar.

Mu dai a Anka ba mu da abin cewa sai godiya. Duk abin da Darakta ya rubuta a allonsa na Gummi, jibi sai ya sauka a kanmu daidai wa daida. Tun da bawan Allahn nan ya bar garinmu bai ƙara yi mana kuskure ba.