Malam Sai-na-bincika Ya Sayi Firinta

A duk unguwar babu wanda ya san ƙarkon kaya kamar Malam Sai-na-bincika. Digirinsa biyu, ya yi shekara talatin yana sa hannu a takardun sayen kayan ofis, kuma ko tsintsiya ba ya saye sai ya ja tsinkenta ya gani. Maƙwabta na ce masa Injiniya ko da yake tarihi ya karanta. Bai taɓa gyara musu ba, don shi mutum ne da ba ya son kunyata jama'a.

'Yarsa Auta ce ta jawo hankalin wannan babban masani kan firinta. Makarantar koyon zanen gine-gine da take nema ta ce kowa ya aiko da zane goma sha biyu ta intanet, kuma da sikana, na'urar ɗaukar hoton takarda, za a ɗauke su, don layin fensir ba ya fita a hoton waya. Akwai shagon fotokofi a bakin layi, amma Malam ya leƙa ya ga gilashin sikanarsu a karce.

"Aikin 'yata ba zai bi ta kan wannan gilashi ba," in ji shi. "Tamu za mu saya, mai bugawa kuma mai ɗauka. Sai dai ni ba na sayen abu sau biyu."

Wata huɗu ya yi yana nazari. Ranar wata Laraba, saura kwana biyu a rufe karɓar zane, ya ga lokacin yanke hukunci ya yi.

Ƙarfe bakwai yana kan tebur da littafinsa, ya jera na'ura goma sha ɗaya, kowace da laifinta a gefe da jan biro. Uwar Auta ta ajiye masa shayi ta ce, "Malam, ka sayo mata ko ta kwali ce."

"Irin wannan tunani ne ya cika gidajen mutane da matattun injuna," in ji Malam.

Ƙarfe tara ya shiga shagon farko. Ya buɗe murfin sikana ya rufe sau ashirin, kunnensa a jikinta kamar likita. Ya sanar da mai shago cewa mahaɗin murfin ba zai kai shekara uku ba. Mai shago ya gode masa ƙwarai, ya raka shi har bakin ƙofa.

Ƙarfe goma sha ɗaya, a shago na biyu, ya gabatar da lacca kan bambancin mai tawada da mai hoda. Mai tawada na bushewa in an bar ta, mai hoda na shan wuta. Mutum uku da suka shigo sayayya suka saurara cikin ladabi, suka fita ba su sayi komai ba. Malam ya ɗauki wannan a matsayin hidima ga al'umma.

Ƙarfe biyu, a shago na uku, ya sami wadda ba ta da aibi. Ya juya ta, ya ɗaga ta, ya leƙa cikinta, ya rasa abin faɗa. Wannan ya tayar masa da hankali matuƙa. A ƙarshe ya gano cewa garantinta shekara ɗaya ne, ya yi ajiyar zuciya, ya fita.

Ƙarfe biyar ya dawo gida hannu Rabbana. Auta na zaune a ƙasa a falo, ta baje zanenta, ta danne kusurwoyin da kofuna don fanka.

"Ranka ya daɗe, yau ma duk sun faɗi jarrabawa?"

"Auta, abin da za a yi shekara goma sha biyar ana mora, ba a sayensa a tsaye."

"Baba, ni fa minti goma nake nema."

Ta yi dariya, shi ma ya yi, ya ce gobe da safe. Da gaske yake. Har ya sa wa na'urar da ya gani ƙarfe biyu alama a littafi.

Da safen ciwon sikilarta ya tashi. Ba shi ne na farko ba, ba kuma na ashirin ba, kuma kullum takan dawo. Juma'a ta wuce suna asibiti. Asabar da hantsi ta rasu, tana da shekara goma sha tara. Mutumin da kan ji mahaɗin murfi ya faɗi ranar karyewarsa bai ji alamar wannan ba.

Bayan an daina zuwa gaisuwa, uwar ta raba kayan. Tufafi suka tafi wurin 'ya'yan ƙanwarta, littattafai aka kai makarantarsu, fensira da rula ta ba ƙawar Auta. Zanen kawai Malam ya ce a bari.

Ya koma shago na ukun ya nuna na'urar da yatsa, ya biya. Mai shago ya gyara tsayuwa yana jiran tambayoyi, bai sami ko ɗaya ba. A gida Malam ya ɗora zanen kan gilashi ɗaya bayan ɗaya: tashar mota, gada, wani gida mai tagogi da yawa wanda falonsa ya yi kama da nasu. Ya aika wa makarantar duka goma sha biyun bai yi wani bayani ba, don bai san yadda ake rubuta shi ba.

Bayan mako guda amsa ta zo. Sun yaba da aikin, musamman gadar. Sun ce abin takaici an rufe karɓa, amma suna fatan za ta sake nema baɗi.

Malam ya danna a buga amsar, takardar ta fito da ɗuminta. Ya kai ta bakin taga ya ɗaga. Allah ya yafe masa, kafin ya sake karanta ta sai da ya goga babban yatsa a kan rubutun, ya ga ko tawadar tana zuba.

Ba ta zuba.