Gishirin Zumunta

A wani daji da rafi ya raba biyu, ƙabilu uku ne ke kiwo a fadama ɗaya: Ɓauna, Gwanki da Barewa. Kakanninsu sun sha gwabzawa kan ciyawa, har aka gaji da binne gawa aka yi sulhu. Sharaɗin sulhun shi ne, duk ranar kasuwa kowace ƙabila ta kawo curin gishirinta gaban majalisa, kowane baligi ya lasa duka ukun. Ɓauna na kawo manda, Gwanki balma, Barewa kanwa. Wanda ya tsallake curin wani, ya zagi kakanninsa ke nan.

Ana nan sai dabbobi suka fara faɗuwa. Wani yana tsakar kiwo sai ya kife, wata ta tashi ɓarin jikinta ya shanye. Ɓauna suka ce maitar Barewa ce, Barewa suka ce bakin Gwanki ne. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani.

Bushiya mai magani, wadda ake kira Kandala, ta bi garke garke tana kasa kunne a jijiyar wuyan kowa. Da ta zo kan wani ɓauna mai suna Nomau, mai fama da ciwon kai da jiri, ta daɗe tana saurare.

Ta ce, "Nomau, jininka ya hau, bugawa yake kamar ana sussuka. Ka bar gishiri. In ka ƙara lasa irin ta ranar kasuwa, ba na jin za ka ƙara wata guda a duniya."

Matarsa Gwamma ba ta tsaya jiran komai ba. Ranar kasuwa ta tsaya gaban majalisa, inda Dorina mai suna Majidaɗi ke shugabanci. An zaɓe shi ne don ba ya cikin ƙabilun uku, kuma don ƙibarsa, wai ƙiba alamar hankali kwance ce.

Gwamma ta ce, "Ranka ya daɗe, ban zo zagin kakan kowa ba. Mijina ba shi da lafiya, mai magani ta hana shi gishiri. Ku ɗauke masa lasar nan, ni zan lasa sau biyu a madadinsa. 'Ya'yanmu ƙanana ne, ko ƙaho bai fito musu ba."

Aka kira Kandala. Ta ce, "Na auna ƙabilun nan uku. A cikin kowane goma, uku jininsu ya hau, kuma ciwon bai tambayi ƙabilar kowa ba. Akwai ma waɗanda tururuwa ke taruwa a fitsarinsu, sukari ya kama su ba su sani ba. Ranka ya daɗe, har bayan kujerarka na ga tururuwa. Ku rage lasar nan, rigakafi ya fi magani."

Majidaɗi ya ɗan gyara zama, ya rufe wurin da cinyarsa. Ni dai mai ba ku labarin nan, abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne, duk majalisar nan babu wanda ya juya ya dubi Nomau, yana tsaye idanunsa jawur, yana jingine da kututture.

Wakilin Gwanki ya yi zumbur ya miƙe. "Gishirin wa ake nufi? A fito fili a faɗa! Balmarmu fara ce tas, kakana ya lashe ta shekara arba'in, zaki ne ya kashe shi. In akwai cuta, a binciki manda, ga ta nan baƙa ƙirin."

Wakilin Ɓauna, wanda ɗan baffan Nomau ne, ya buga kofato. "Manda ce ta raine mu! Ɗan'uwana ba rago ba ne, mace ce ke so ta kunyata mu a bainar jama'a. Nomau, fito ka nuna musu."

Wakilin Barewa ya ce shi bai ƙi a ɗauke wa mara lafiya ba, muddin ba kanwa za a fara tsallakewa ba.

Aka kai la'asar ana abu ɗaya. Sannan Majidaɗi ya yi gyaran murya. "Jama'a, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. In muka ɗauke wa Nomau, an ce gishirinmu guba ne, kuma dole a ce na wa. Hukuncina shi ne, Nomau ya lasa kowane curi sau bakwai, daidai wa daida, a gaban shaidu. Curin da ya faɗi a kansa, shi ne mai laifi. In bai faɗi ba, bushiya ta nemi gafara."

Aka yi ta tafi, ana yaba adalci. Gwamma ta sha gaban mijinta tana kuka. "Maigida, don Allah mu tafi gida. Su ce mana ragwaye, mu dai muna da kai."

Nomau ya ce, "Gwamma, in na juya, gobe 'ya'yanmu ba su da wurin kiwo a fadamar nan. Matsa."

Ya lasa manda, ya lasa balma, ya lasa kanwa. Aka yi guɗa. Ya juyo zai koma wurin matarsa, ya yi taku kaɗan, ƙafafun gaba suka lanƙwashe, ya kife. Kandala ta ruga ta kasa kunne a wuyansa, ba ta ji komai ba.

Kafin Gwamma ta iso kansa, wakilai sun riga ta da igiya. Suka auna daga gawar zuwa kowane curi, suka tarar tazarar ɗaya ce. Majidaɗi ya yi hamdala, ya sanar cewa an wanke gishirin kowa, Nomau kwanansa ne ya ƙare. Aka kori Kandala daga fadama saboda tada hankalin jama'a.

Ranar sadakar uku kowace ƙabila ta kai wa Gwamma da marayunta curi guda na ta'aziyya, wakilai suka tsaya a kansu don su ga ba a tsallake na kowa ba.

Har yau ana zaman lafiya a dajin nan, kuma kowace shekara wurin kiwo sai ƙara yalwa yake yi.