Abin da Muka Gani a Fatar Albasa

Duk yadda na so in manta, na kasa mantawa da ranar da na koyar da bangon ƙwayar halittar tsiro a gaban anspekter. Cikin shekarun saba'in ne, ina sabon malami a wata lakwal, wato makarantar boko, a ƙasar Magariya. Anspekter, mai duba aikin malamai, zai zo daga Damagaram ya ga darasina. In ya gamsu a tabbatar da ni a aiki, in bai gamsu ba in ƙara shekara guda ina ɗan gwaji.

Darasin kam na haddace shi tsaf. Na san ƙwayar halittar tsiro tana da bango a kewaye, ta dabba ba ta da shi. Na san da zaren selilos aka saƙa bangon, kamar saƙar zana, ga wani abu mai danƙo da ke manne ƙwaya da ƴar'uwarta, ga wani kuma da ke sa karan gero ya yi tauri har a yi darni da shi. Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba, wato leƙa mikroskop, na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, da idona. (A littafi na ga zanen, kamar yadda malamin da ya koya mini ya gani.)

Mikroskop ɗaya gare mu, a kulle cikin armuwar, wato kabad ɗin darakta, shugaban lakwal. Sati biyu ina roƙon bawan Allahn nan ya ba ni in gwada, kullum amsarsa ɗaya ce, wai kayan gwamnati ba abin wasa ba ne. Ya ƙona mini rai ba kaɗan ba. Sai da ya ji ƙarar motar anspekter ya zaro makulli, ya warware gilashin ido daga cikin tsumma, ya ɗora a bakin bututun mikroskop ɗin, ya miƙo mini yana gargaɗin kada in cika taɓawa.

Na ɓare fatar albasa siririya, na shimfiɗa, na ɗiga ruwa, na sa ido. Duhu. Na murɗa nan, na murɗa can, na juya madubi wajen taga. Duhu dai. Anspekter yana zaune a baya yana ta rubutu. Mai hankali da sai ya ce akwai matsala, ni kuwa na ɗago kai da murmushi na ce, "Ga su nan sarai, a jere kamar tubali. Ku zo ɗaya bayan ɗaya."

To, yaranmu an hore su, ba sa ƙaryata babba a gaban baƙo. Kowa ya leƙa sai ya ce, "Eh, Mushe, na gani." (Mushe suke kiran malami.) Wani har ya ƙara da cewa bangon yana da kauri, ya koma ya zana a kaye, littafin rubutunsa. Haushi ya kama ni, don na fara zargin idona ne ya lalace.

Sai ga Hadizatu, wata doguwar yarinya ƴar garin Dogo-Dogo. Ta daɗe tana leƙe, sannan ta ce a hankali, "Mushe, ni dai duhu nake gani." (A nan ne ya kamata in tuba.) Na ce mata ai idon da za ta buɗe shi ta rufe, ta je ta zauna. Aji ya kwashe da dariya, ta sunkuyar da kai.

Anspekter ya taso. Ya leƙa, ya cire gilashin ido, ya kifa bututun ya bubbuga a kan tebur. Busasshen laka ya zubo, da matattun tsutsotsi. Ashe zanzaro ne ya bi ta wata ɓula a bayan armuwar ya gina gidansa a cikin bututun, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ya zungure sauran da tsinke, ya goge da hankici, ya daidaita, ya kira Hadizatu ta fara gani. Bayan kowa ya gama ya juyo gare ni ya ce, "Mushe, zo kai ma ka gani."

Na leƙa. Ga bangon nan fes, ya fi na littafi kyau, abin da ya ƙara ba ni takaici ke nan.

Shekarar na ƙara ta cur. Darakta ya ce ni na kunyata lakwal, Hadizatu kuwa sai da na yi sati kafin na iya ba ta haƙuri. Tun daga nan, duk ranar da aji gaba ɗaya ya ce mini "Eh, Mushe", gabana faɗuwa yake, in koma in sake leƙawa da kaina.