Makon da Farfesa Ya Soke Gyara

Idan ana lissafa arzikin da Allah ya ajiye a kudancin kogin Kaduna, wasu kan fara da matatar mai. Kuskure ne. A fara da Malam Zakariyya'u na unguwar Television, Farfesan Riba, fitilar 'yan tireda, gwarzon da ya koya wa duniya kasuwanci alhali bai taɓa sayar da ko allura ba. To mene ne? Ai ba sai likita ya kwanta ciwo yake ba da magani ba.

Shafi gare shi a intanet, kullum yana zuba hikima. Komai nasa hanyoyi bakwai ne: hanyoyi bakwai na kama kwastoma, hanyoyi bakwai na zama miloniya kafin azahar. Oga Benson mai faci ya rantse ko banɗaki Farfesa zai shiga sai ya bi ta hanya bakwai. Mabiyansa arba'in da uku ne, ciki har da shi kansa sau biyu, da wayar matarsa da ya danna ba ta sani ba. Kwat yake sawa a zafin watan Maris, ya jingina da motar da ba tasa ba a ɗauke shi hoto.

Abu guda ne bai taɓa shiga shafin ba: tandar wainar matarsa Safiya, can bakin gareji. Ita ke ciyar da gidan, ita ke sa masa data. Direbobin tanka tun daga Rido suke zuwa mata, su ci, su yi hira, ta ɗora musu gyara, su tafi suna lashe hannu.

Ana nan sai ƙungiyar ƙananan 'yan kasuwar unguwa ta sa taro ranar Asabar. Shugabanta Alhaji Umar ya ce za a ba Farfesa lasifika, amma sai ya zo da mutum guda mai rai wanda shawararsa ta amfana. Farfesa ya duba gabas ya duba yamma, idonsa ya faɗa kan tanda.

"Maman Fiddausi," in ji shi, "kasuwancinki ba shi da tsari. Ba ki da manufa, ba ki da tambari, ba ki da hangen shekara goma."

"Ina da tanda, Baban Fiddausi."

Ya dame ta har ta ba shi mako guda, ita tana suya shi yana mulki. A ranta ta ce jiki magayi.

Litinin ya kafa ƙyalle mai ɗauke da Zaks Global Waina, da hotonsa wanda ya fi na wainar girma. Talata ya soke gaisuwa, don bincikensa ya nuna ina gajiya da yaya iyali suna cinye kwata ɗin lokacin aiki. Laraba kuwa ya kai hannu inda ba a kaiwa.

Audu direba, wanda shekara goma sha ɗaya a bencin nan yake karyawa, ya karɓi farantinsa. Ya dubi waina, ya dubi Safiya, ya tsaya yana jiran 'yar gudar nan da ake ɗorawa a sama. Safiya ta sunkuyar da kai. Farfesa ya gyara kwat.

"Malam direba, gyara shi ne ya hana Afirka ci gaba. Ka taɓa shiga jirgin sama aka yi maka gyaran kilomita? Ga takarda, ka ba mu taurari daga ɗaya zuwa biyar."

Audu ya ce shi taurarin da ya sani a sama suke. Ya cinye, ya goge hannu da takardar, ya tsallaka titi wurin Madam Dorcas mai ƙosai da doya. Kafin Juma'a duk benci ya bi shi. Ƙullu ya yi ta tsami a roba, gida aka koma waina safe, rana, dare, har Fiddausi ta fara kuka in ta ga tanda. Hankalin Safiya ya tashi, don kwastoma kamar kaza ne, inda ya saba tsintar tsaba nan yake komawa. Shi ko Farfesa ya rubuta a shafi cewa an tace kwastomomi, yanzu sai masu inganci. Masu ingancin nan ƙudaje ne.

Asabar ta zo. Safiya ta ce ko da igiya ba za ta je ba da shaida ba. Farfesa na zaune a taro yana gumi, Alhaji Umar ya tambayi ina shaida. Sai Madam Dorcas ta miƙe.

"Ni ce, Alhaji. Wallahi shawarar Oga Farfesa ta canza mini rayuwa. Makon nan har kasko na ƙara."

Farfesa ya kumbura kamar wainar da yis ya yi wa yawa, ya fara neman mai ɗaukar hoto. Alhaji Umar ya tambaye ta wace hanya ta bi cikin bakwai ɗin.

"Ni? Ko ɗaya. Matarsa ce ya sa ta bi. Abeg, a ƙara masa mako biyu, ina so in sayi firiza."

Sai da Oga Benson ya faɗo daga kujera don dariya.

Ranar Litinin Safiya ta kwance ƙyallen, ta yi inuwa da shi, fuskar Farfesa na kallon rana. Ta ƙwala wa Audu gaisuwa tun daga tsallaken titi, har da tambayar jikin tsohuwarsa. Dorcas ta yi dariya ta ce ga amanarki nan, Maman Fiddausi, da ma riƙe miki na yi. Benci ya cika, gyara na sauka bibbiyu.

Can Farfesa ya lallaɓo ba kwat, ya zauna a gefen benci, ya miƙa faranti. Ta zuba masa. Ya dubi waina, ya dube ta, ya tsaya jira.

"Haba, Baban Fiddausi," in ji Safiya, tana juya tanda, "so kake in hana Afirka ci gaba?"