Kunnen Zinariya a Karar Illela

Duk wanda ya ce Illela ba ta da masana, to bai taɓa leƙa situdiyon Injiniya Zakari ba. Mutum ne da Allah ya ba kunne, shi kuma ya ba kansa suna: Kunnen Zinariya. Sati uku cur ya yi a Kano yana riƙe wa wani mai haɗa waƙa waya, ya dawo da digirin da babu takarda, da Kananci, da baƙin tabarau da ko alwala sai an roƙe shi yake cirewa.

Dukiyarsa 'yan lasifika biyu ne, kowace ba ta fi bulo ba. Kullum sai ya ɗauko tef ɗin tela ya auna: mita ɗaya tsakaninsu, mita ɗaya daga kowace zuwa hancinsa. Ya zana wa ƙafafun kujerarsa alli a ƙasa. Mai shara ta taɓa gusar da ita taƙi guda, ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarta.

"Sauti iri biyu ne," haka yake wa masu shayi lacca. "Akwai na kusa, akwai na nesa. Nawa na kusa ne, a kunne yake faɗa maka gaskiya. Na nesa kuwa, irin ƙahon Halliru, haushi ne kawai."

Halliru shi ne mai shelar gari. Shekara ashirin yana yawo da tsohuwar lasifika mai bakin ƙaho ɗaure a keke, in ya yi kira har masunta a tafkin Kalmalo sai sun ɗaga kai.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, wani makiyayi mai suna Jaɓɓo ya shigo gari a firgice. Saniya ta ɓace masa, kuma ba tasa ba ce: amininsa ya ba shi riƙo bisa al'adarsu, in ta haifa masa 'yan maruƙa sai ya mayar da ita. Ɓatar da irin wannan saniya abin kunya ne da ake gadar wa jikoki. Ya san duk wanda ya tsince ta kara, wato kasuwar shanu, zai kawo ta ya sayar, kuma da la'asar tireloli ke tashi Ikko. Halliru yake nema ya yi masa cigiya, tsautsayi ya sa ya yi tambaya a ƙofar situdiyo.

"Halliru?" Injiniya ya yi dariyar tausayi. "Bawan Allah, cigiyarka za ta fita da sautin da ba a taɓa ji ba a iyakar nan."

Sau goma sha ɗaya ya sa Jaɓɓo ya maimaita: farar saniya, ƙahon hagu a karye, kunne a tsage. Wai numfashinsa na shiga makirfo. Har azahar ta gota suna abu ɗaya.

Sannan aka ɗauki lasifika, da tebur, da batir, da kujera mai alfarma, aka dire a tsakiyar kara. Shanu na kuka, dillalai na rantsuwa, tireloli na gurnani. Injiniya ya durƙusa cikin kashin shanu ya auna mitarsa ɗaya, ya gyara, ya sake aunawa. Ya zauna, ya kunna, ya lumshe ido.

Kai, sauti ya fita! Shi da kansa sai da tsigar jikinsa ta tashi.

Jaɓɓo ya ja da baya taku biyar, ya karkata kai. "Malam, mi taka cewa? Ni ban jiya komi ba."

"Ka fita daga ma'auni ne. Laifin tsayuwarka ne."

Jaɓɓo ya ruga neman Halliru. Injiniya ya ji sanyi a ransa, jahilci ya ba shi wuri. Yana cikin shan daɗin muryar, sai wata dabba ta matso, ta hura masa hanci a ƙeya, ta lashi lasifikar dama, ta yi wani kuka mai tsawo kamar ta ji muryar gida.

"Wane mara tarbiyya ne mai wannan?" ya daka tsawa. "Ku janye ta, tana ɓata min sauti!"

Aka janye ta. Ya goge lasifikar da hularsa, ya sake awo.

Can sai ƙahon Halliru ya tsage kasuwa. Kira ɗaya, ko na biyu bai kai ba, wani dillali ya taho da gudu.

"Hwara mai karyayyen ƙaho? Ai nan taz zo tat tsaya, taƙ ƙi gaba taƙ ƙi baya! Wanga mai tabarau yac ce a kore ta. Tirelar da anka sa ta tat tashi tun ɗazu."

Sau goma sha ɗaya a situdiyo, sau talatin a kasuwa, Kunnen Zinariya ya saurari kamannin saniyar nan, bai ji kalma ɗaya ba.

"Amma dai," ya ce a hankali, "sautin ya fita tas."

Jaɓɓo ya sunkuya, idonsa jawur. Ya ɗauki tef ɗin daga cikin kashin shanu, ya damƙa masa a hannu.

"Tunda ka iya awo, Injiniya, auna mani daga nan zuwa Ikko."