Hanci Ɗaya a Bangon Coci

Tsoho mai fenti bai taɓa ɓoye aibinsa ba: fuska ɗaya ya iya zanawa, tasa. Da aka ba shi bangon ajin yara na coci ya zana mutanen Littafi Mai Tsarki, sai ya raba musu hancinsa, kowa ya samu. Shekara arba'in yana rubuta allunan shaguna, wannan bangon kaɗai yake so ya mutu ya bari. Yana kan tsani jikarsa, malamar ajin, ta shigo.

"…ya gajiya kuma, angona? Sauko, tsanin ma ya gaji da kai."

"Amarya, haka ake zuwa wurin miji, hannu na dukan cinya?"

"Saƙon dattawan coci na kawo. In ba ka gyara kafin Lahadi ba, farin fenti za a shafa."

Tsoho ya ci gaba da shafa fentinsa.

"Me za a gyara?"

"Wancan na cikin karusa, wane ne?"

"Mutumin Habasha."

"Mai takobin fa?"

"Jarumin Roma."

"Matar da ke kalar hatsi?"

"Baƙuwa daga Mowab."

"To yara sun tambaye ni ko duk uwarsu ɗaya. Habasha ina, Roma ina? Har Basamariyar bakin rijiya ka yi mata giɓinka! Shi ya sa ta kasa zaman aure."

"Duk 'ya'yan Adamu ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau tsani…"

"Kai ne a kan tsanin, kuma hancinka kawai ka hango."

"Hancin da kika gada! Ba don shi ba, a ina za ki rataya tabarau?"

"Ajina yara talatin, harshe bakwai. Jiya 'yar tela ta bi bangon kaf tana neman mai kama da babanta. Ba ta samu ba, sai ta ce ashe su ba sa ciki."

Tsoho ya ajiye buroshi. Ya dubi bangon, hancinsa goma sha huɗu suka dube shi. Sai ya fashe da dariya, ya sauko.

"Kin ci, mai bakin reza. Je ki roƙar mini tela, da doguwar nas ɗin nan, da direba, da mai wanki. Kowa ya zo gobe ya zauna mini, ya ara mini fuskarsa. Ke kuma ki riga su zuwa."

"Sarauniyar Sheba zan zama?"

"A'a. Jakanyar nan da ta yi wa annabi magana, har yanzu ba ta da fuska."