Rufin Aji Uku

Allah ya yi wa ƙaramar hukumar nan gata da ya ba ta shugaba mai hangen nesa, wanda saboda tsabar hangen nesan ba ya ganin abin da ke gabansa. Mai Almakashi ake ce masa, kuma ba ya fushi. Almakashin na nan a aljihunsa na hagu, ruwan zinare, kullum a wase.

Tsarinsa na kasafin kuɗi ba ya wahalar da kowa. Duk aikin da aka kawo, tambaya ɗaya yake yi: "A ina za a ɗaura jan ƙyallen da zan yanka?" In da wuri, aiki ya wuce. In babu, sai baɗi. Da haka ya buɗe gidaje masu sauƙin kuɗi sau uku, har yanzu akuyoyi ne a filin, kuma ba su taɓa kuka da tsadar haya ba. Talauci kuwa ya yaƙe shi da hula dubu masu hotonsa, ya ce ko ba komai rana ta daina dukan talaka.

Shugabar makarantar firamare ce kaɗai ba ta san darajarsa ba. Shekara huɗu ke nan da iska ta yaye rufin aji uku. Hadari na haɗowa sai a kwashe yara sittin a cusa su a ofishinta, wasu a ƙarƙashin tebur, karatun ranar ya tashi. Takarda goma sha ɗaya ta rubuta, abin yana ci mata rai, ga damina ta sake ƙaratowa.

"Malama, ki fahimci mulki," in ji shi, ranar da ta je ofishinsa da kanta. "Rufi a sama yake. Wa ke buɗe abin da ke sama?"

Malama ta sunkuyar da kai ta ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Shi ya sa ba a taɓa samun shugaban da ya yi ba. Ai sai jarumi."

Mai Almakashi ya gyara zama. A ranar aka tara kansiloli, rufin aji uku ya tsallake kwalbati da fentin sakatariya ya zama na ɗaya. Sai dai babban biki na son babban allo mai sunan shugaba, allon kuwa ya cinye rabin kuɗin kwanon rufin. Kafinta ya zo yana sosa ƙeya. Shugaba ya ce, "Rufe ɓangaren da ke kallon titi. Hoto ba ya zagayawa baya."

Ranar biki aka kafa tsani. Mai Almakashi ya hau, kansila biyu na tura shi daga ƙasa, jama'a na tafi. A cikin aji an jera yara, an yi sati ana koya musu gaisuwar da za su yi in babban baƙo ya shigo. Ya tsaya a ƙololuwa, iska na kaɗa rigarsa, ya buɗe hannuwa.

"Jama'ata! Na gabana sun yi mulki a ƙasa. Ni na ɗaga ilimi sama! Daga nan ina hango talauci yana gudu!"

Mai hoto ya ɗaga murya daga ƙasa: "Ranka ya daɗe, allon bai fito ba. Ɗan ja baya kaɗan."

Ya ja.

"Ƙara kaɗan."

Shugaba mai jin shawarar jama'a ne, ya ƙara. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma wannan jifan bai kai ƙasa ba. Wata ƙusa mai kishin al'umma ta cafke rigarsa, ya tsaya yana lilo a tsakiyar aji uku, takalmi ɗaya, almakashi a hannu, hula ta riga shi sauka.

Yara suka ga babban baƙo ya shigo. Ba a faɗa musu ta inda zai shigo ba. Suka miƙe tsaye gaba ɗaya.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe! Mun gode da rufi!"

"A sauke ni!"

"Mun gode da rufi!" Sau uku aka koya musu, sau uku suka yi, har da tafi. Mai hoto kuwa ya leƙo ta taga bai yi ƙasa a gwiwa ba.

Washegari majalisa ta yi zaman gaggawa, shugaba na tsaye don zama ya gagara. Aka amince a ƙarasa rufin cikin kwana uku, saboda kare lafiyar manyan baƙi. Ruwan farko ya sauka yara na karatu, ba wanda ya jiƙe. Malama ta tsaya a bakin aji tana sauraron ƙarar kwano, daɗi ya cika ta har da ƙwalla.

Da ruwan ya ɗauke ta koma ofis ta zaro sabuwar takarda. Murfin ramin masai na makarantar ya daɗe da tsagewa, sai ta fara rubutu: "Ranka ya daɗe, ba a taɓa samun shugaban da ya tsaya a kai ya yi jawabi ba."